Lamba kaɗai ba amsa ba ce: awo, motsi da bekta a fiziks na sakandare

Ɗalibi ya gama lissafi, ya rubuta 20, ya ja mata layi biyu a ƙasa. To, 20 ɗin me? Mita ko sakan? Idan gudu ne, kilomita a awa ake nufi ko mita a sakan? Idan ma mita a sakan ne, ina abin ya dosa, sama ko ƙasa? A ajin lissafi lamba tana iya tsayawa da ƙafarta, a fiziks kuwa ba ta iyawa. Kowane adadi da ma'auninsa yake tafe, wasu kuma har da alƙibla, kuma akasarin kurakuran da ake tafkawa a farkon wannan darasi daga barin ɗaya cikin biyun nan a baya suke tasowa. Ƙa'idojin lissafin motsi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, haddace su aikin yammaci guda ne. Abin da ake zuba musu a ciki shi ne mai wuyar sha'ani.

Ba ɗalibai kaɗai abin yake ritsawa da su ba. Ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Da aka bi diddigi sai aka tarar wata manhaja tana fitar da alƙaluman tunkuɗar ƙananan injinan kumbon da ma'aunin fam, masu lissafa hanyarsa kuwa suna karanta su a matsayin niyuton, ma'aunin ƙarfi da masana kimiyya ke aiki da shi. Fam ɗaya na ƙarfi daidai yake da niyuton 4.45, saboda haka wata da watanni ana raina tasirin kowace tunkuɗa fiye da ninki 4. Kumbon da aka tsara zai ratsa kimanin kilomita 226 sama da doron Mars sai ya gangaro zuwa wajen kilomita 57, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ma'auni da juya shi

Tun 1960 duniyar kimiyya ta tsaya a kan tsarin SI, wato tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa. Ma'aunansa na tushe 7 ne, amma mai nazarin motsi da 3 yake hulɗa: mita ta tsawo, sakan na lokaci, da kilogiram na mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa. Ma'auni yarjejeniya ce, kuma an sha sake mata mazauni. A 1791 masanan Faransa suka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin ikweta, ta hanyar da ta ratsa Faris. A 1889 aka koma ga wata sanda ta filatinam da iridiyam da aka adana a bayan birnin. Tun 1983 kuwa, mita ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. Shi kansa sakan, tun 1967 da zarrar siziyam 133 ake ƙayyade shi, kaɗawa 9,192,631,770 ta igiyar da take fitarwa. Kilogiram ne ya fi daɗewa manne da ƙarfe, sai 20 ga Mayu 2019 aka sallami dunƙulen da ake gwada shi da shi. Duk wannan bai canza tsawon rular da ke hannunka ba. Abin da aka nema shi ne ma'aunin da ba ya tsatsa, ba ya goguwa, wanda kowane ɗakin gwaji mai isassun kayan aiki zai iya samarwa da kansa.

Kafin ka taɓa kowace ƙa'ida, juya duk abin da aka ba ka zuwa mita da sakan da kilogiram. Kilomita mita 1,000 ce, awa sakan 3,600 ce, don haka daga kilomita a awa zuwa mita a sakan rabawa ake yi da 3.6. Mota mai kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a kowane sakan. In ka manta ko rabawa ake yi ko ninkawa, ka tuna mai tafiya a ƙafa: wajen kilomita 5 yake yi a awa, wato kimanin mita 1.4 a sakan. Lambar mita a sakan ita ce ƙarama kullum.

Tarkon da ya fi wannan zurfi yana wajen faɗi da ciki. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita, m², ba cm² 100 ba ne, 10,000 ne, domin tsawo da faɗi kowanne ya ninku sau 100. Haka m³ ɗaya cm³ 1,000,000 ne. Shi ya sa ruwa mai giram 1 a kowane cm³ yake zama kilogiram 1,000 a kowane m³. Wanda ya samu kilogiram 1, ko 10, to ya manta kwali gefe uku gare shi.

Ma'auni kuma yana iya zama ɗan sandan lissafinka. A ƙa'idar motsi s = ut + ½at², inda s take tazarar da aka ci, u gudun farawa, t lokaci, a kuma yawan canjin gudu a kowane sakan, kowane yanki dole ya fito da mita, tunda ba a tara mita da sakan. Mita a sakan sau sakan, mita ce. m/s² sau s², ita ma mita ce. Da ka yi ɓatan kai ka rubuta ½at, yankin zai fito da mita a sakan, nan take ka gane akwai gyara. Iyakarsa dai ba ya ganin lambar da ba ta da ma'auni. In ½ ɗin ka yar, shiru zai yi maka.

Abin da kayan awo suke iya gaya maka

Rula ta saba da tsagin milimita ɗaya, kuma bakinta ne yake fara cinyewa. Kada ka fara awo daga baki. Ka sa abin a kan santimita 10.0, ka karanta ɗaya ƙarshen, ka debe. Idonka kuma ya kasance daidai saman tsagin, domin rular katako tana da kauri, in ka leƙo daga gefe tsagin zai goce daga abin da ake aunawa da milimita ɗaya ko fiye.

Kalifa mai baniya, abin awo mai muƙamuƙai biyu da ake matse abu a tsakaninsu, wadda ta samo suna daga Pierre Vernier da ya bayyana dabarar a 1631, tana sauka zuwa milimita 0.1. Sirrinta ƙarami ne: tsagi 10 na ƙaramin sikeli mai zamewa milimita 9 suka mamaye, don haka kowanne ya gaza milimita da 0.1. Ka fara karanta babban sikeli daidai gabanin sifilin ƙaramin, a ce santimita 2.3. Sannan ka nemi tsagin ƙaramin da ya yi layi ɗaya da wani tsagi na babban. In na 6 ne, awon santimita 2.36 ne. Amma tun farko ka rufe muƙamuƙan ka duba. In a rufe tana nuna 0.02, kowane awo da za ka yi ya haura da 0.02, kuma amsar gaskiya 2.34 ce.

Maikiromita, da ake auna kaurin siraran abubuwa kamar waya da ita, tana kai milimita 0.01, domin juyi ɗaya na sukurunta rabin milimita yake ci, an kuma raba kewayen hannunta gida 50. Kuskure biyu ake yi da ita. Na farko, rashin lura da tsagin rabin milimita da ya riga ya bayyana, sai a karanta 3.27 a inda ya kamata a ce 3.77. Na biyu, matsewa da ƙarfi har waya ta lotsa. Ɗan kan da ke ƙarshen hannun, mai ƙara ƙas-ƙas, don haka aka yi shi. Da shi ake juyawa, da ya yi ƙara sai a tsaya.

Akwai bambancin da ya kamata ya zauna a kai tun yanzu. Wani kuskuren watsuwa yake yi, yau sama gobe ƙasa, kamar saurin yatsa a kan agogo. Maganinsa maimaita awo da ɗaukar matsakaici. Wani kuma gefe guda yake jan kowane awo, kamar kalifar nan da ba ta komawa sifili. Wannan ko sau 100 ka maimaita, matsakaicinka zai fito da kuskuren cif-cif. Awon da ya yi ta fitowa iri ɗaya ba shaida ba ce cewa daidai yake.

Kalkuleta ba ta san da wane abu ka yi awo ba. Abu ya yi mita 10.0 cikin sakan 3.0, ta ba ka 3.3333333. Lokacinka alƙaluma 2 ne masu ma'ana, saboda haka amsa 3.3 ce, sauran ƙarya ce mai kama da ƙwarewa. Sai dai a ƙarshe ake yanke jelar. Wanda yake yankewa a kowane mataki, kafin ya kai ƙasan shafi ya tara wani sabon kuskure na kansa.

A ganina babu gwajin da yake koyar da duk wannan kamar auna g, wato yawan ƙaruwar gudun abin da yake faɗuwa a kowane sakan, da lilon zare. Kayan aiki: zare marar miƙewa, ɗan dunƙulen ƙarfe, madogara mai matsewa, rula mai mita ɗaya, da agogon tsayarwa. Ƙa'idar ita ce T = 2π√(L/g), inda T yake lokacin zuwa da dawowa guda. Lilo mai tsawon mita 1 yana ɗaukar kimanin sakan 2.0. Hannun mutum yana iya makara ko riga da wajen sakan 0.2, wato kashi 10 cikin 100 na lilo ɗaya, kuma tunda g da T² yake tafiya, kuskuren ninkuwa yake yi ya zama kashi 20. In ka auna lilo 20 a jere, sakan 40 ke nan, 0.2 ɗin ya koma rabin kashi ɗaya cikin 100, g kuma ya fito da kuskuren da bai wuce kashi 1 ba. Agogon bai canza ba, dabarar awon ce ta canza.

Ka ja dunƙulen gefe kaɗan, ƙasa da digiri 10, domin ƙa'idar ta ƙananan kusurwoyi ce. Ka fara ƙirga lokacin da yake ratsa tsakiya, inda ya fi sauri kuma ido ya fi tantance lokacin wucewarsa. Da ka danna agogo ka ce “sifili”, ba “ɗaya” ba. Wanda ya fara da ɗaya lilo 19 zai auna yana zaton 20, sai g ya fito masa wajen 10.9. Tsawon L daga maratayi ne zuwa tsakiyar dunƙulen, ba zuwa ƙullin zare ba. Ka yi gwajin da tsawo 5 ko 6, daga santimita 40 zuwa 100, ka zana giraf na T² a tsaye da L a kwance. Layi miƙaƙƙe zai fito, gangararsa 4π²/g, kusan 4.0. Amfanin giraf ɗin shi ne, ko da ka gaza santimita ɗaya a kowane tsawo, gangarar ba za ta canza ba. Layin ne kawai zai ƙi bi ta mahaɗar sifili, ya tona asirin kuskuren.

Nisa da tazara, sauri da belositi

Ɗan tsere ya kewaya fili mai mita 400 sau ɗaya cikin sakan 50. Nisan da ƙafarsa ta ci mita 400 ne. Tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya kuwa sifili ce. Matsakaicin saurinsa mita 8 a sakan, matsakaicin belositinsa sifili. Nisa da sauri girma kawai gare su, su ake kira sikela. Tazara da belositi suna da girma da alƙibla, su ne bekta. A maganar yau da kullum duk “gudu” ne, shi ya sa sai an yi da gangan ake raba su.

Matsakaicin sauri jimillar nisa ce a raba da jimillar lokaci, ba tara gudu biyu a raba biyu ba. Mota ta yi kilomita 120 da gudun 60 a awa, ta dawo da 40. Zuwa awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Ba 50 ba, saboda ta fi daɗewa tana tafiyar hawainiya.

Akselareshan shi ne yawan canjin belositi a kowane sakan, ma'auninsa m/s². Tunda belositi bekta ne, hanya uku ake samun akselareshan: a ƙara gudu, a rage gudu, ko a karya kwana. Motar da take kewaya shatale-tale allurar gudunta a tsaye a kan 30 tana da akselareshan, yana fuskantar tsakiyar da'irar, domin alƙiblarta tana sauyawa kowane lokaci.

In akselareshan bai canzawa, ƙa'idoji uku sun wadatar: v = u + at, da s = ut + ½at², da v² = u² + 2as. Adadi 5 ne a cikinsu: u belositin farawa, v na ƙarshe, a akselareshan, t lokaci, s tazara. Tambaya takan ba ka 3, ta nemi ɗaya. Ka jera su a gefe, ka ga wanne ne ba a ba ka ba kuma ba a tambaye ka ba, ka ɗauki ƙa'idar da ba ta ƙunshe shi ba. Wasu bayanan a cikin kalmomi suke ɓuya: “daga tsaye” u = 0 ne, “har ta tsaya” v = 0, “aka sake shi” u = 0 da a = g. Sharaɗin kuma a riƙe shi. In tafiyar kashi biyu ce, kowanne da akselareshan ɗinsa, kashi-kashi ake lissafawa.

Misali: mota tana mita 20 a sakan, direba ya ɗauki sakan 1 kafin ƙafarsa ta kai birki, birkin kuma yana rage mita 5 a sakan a kowane sakan. Kashi na farko babu akselareshan, mita 20. Kashi na biyu, 0 = 20² + 2(−5)s, s = 40. Jimilla mita 60. A ninka gudun zuwa 40: kashin farko ya zama mita 40, na birki kuwa ya zama 160, ninki 4, domin da u² yake tafiya. Mita 200 ke nan.

A zana wannan a giraf na belositi da lokaci, lissafin yana fitowa a ido. Layi kwance a kan 20 na tsawon sakan 1, sannan gangara zuwa sifili cikin sakan 4. Filin da ke ƙarƙashin layin shi ne tazara: akwati mai 20 sau 1, da alwatika mai ½ × 4 × 20. Gangarar layin ita ce akselareshan. A giraf na tazara da lokaci kuwa gangara belositi ce. Giraf ba hoton hanya ba ne, layin da ya hau ba tudu yake nufi ba. Layi kwance a giraf ɗin tazara yana nufin abin a tsaye yake, a na belositi yana nufin yana tafiya da gudu ɗaya. Abu na farko da za a karanta a kowane giraf shi ne rubutun da ke jikin sandunansa biyu.

Alamar debewa alƙibla ce

Galileo ya gangaro da ƙwallaye a kan katako mai tsagi don ya rage wa faɗuwa sauri, ya auna lokaci da nauyin ruwan da ya zubo daga mazubi, ya ga nisan da ake ci a lokuta masu tsawo ɗaya yana bin 1, 3, 5, 7. A 1638 aka buga wannan. Da alƙaluman yau, dutsen da aka saki yana cin mita 4.9 a sakan na farko, 14.7 a na biyu, 24.5 a na uku. Nauyinsa bai shiga lissafin ba muddin iska ba ta tare shi ba, abin da David Scott na Apollo 15 ya nuna a duniyar wata a 1971, da ya saki guduma da gashin tsuntsu suka dira tare. A doron ƙasa g yana tsakanin 9.78 a ikweta da 9.83 a ƙuryoyin duniya. Ana aiki da 9.8, wasu tambayoyin su ce a ɗauki 10.

A motsi kan layi ɗaya, alƙibla biyu ce kawai, don haka alamar tarawa da ta debewa sun isa su ɗauke ta. Ka zaɓi ɓangaren da zai zama na tarawa, ka rubuta shi a saman aikinka, kada ka sake shi har ka gama. An jefa dutse sama da mita 19.6 a sakan daga rufin bene mai tsawon mita 24.5. Yaushe zai dira ƙasa? A ɗauki sama a matsayin tarawa. u = +19.6, a = −9.8, kuma s = −24.5, tunda inda ya ƙare yana ƙasa da inda ya tashi. Sai −24.5 = 19.6t − 4.9t². A raba da 4.9, a gyara, t² − 4t − 5 = 0, t = 5 ko −1. Sakan 5. Ba sai an raba tafiyar zuwa hawa da sauka ba, alamun sun ɗauki nauyin wannan. Belositinsa na dira 19.6 − 49 = −29.4, debewar tana cewa ƙasa ya nufa. Wanda ya sa s = +24.5 zai tarar lissafin ya ƙi warwaruwa, kuma da gaskiyarsa, domin dutsen mita 19.6 kawai ya hau sama da rufin.

A ƙololuwa, bayan sakan 2, belositin dutsen sifili ne. Akselareshan ɗinsa fa? Da yawa sukan ce shi ma sifili. Da haka ne, da dutsen ya maƙale a sama, tunda abin da ba ya motsi kuma belositinsa ba ya canzawa ba shi da dalilin saukowa. Yana nan −9.8 a hawa, a ƙololuwa, da sauka. Haka kuma akselareshan mai alamar debewa ba kullum yake nufin raguwar gudu ba. In alamarsa ta saɓa da ta belositi, gudu raguwa yake yi. In sun zo ɗaya, ƙaruwa yake yi, kamar dutsen nan a hanyarsa ta sauka.

Ƙwallo ta bugi bango da mita 12 a sakan ta dawo da 8. Canjin belositi ba 4 ba ne. −8 − 12 = −20.

In an bar layi ɗaya

Da motsi ya fita daga layi guda, alama ba ta isa ba, sai kibiya. Tsawonta girman adadin, tsininta alƙiblarsa. Ƙarfin niyuton 3 da na niyuton 4 suna iya haɗuwa su ba da 7 in sun dosa wuri ɗaya, 1 in sun ba juna baya, 5 in digiri 90 ne tsakaninsu, da duk abin da ke tsakanin 1 da 7 gwargwadon kusurwa. Amsar da ta fita daga wannan iyaka kuskure ce tun kafin a duba aikin.

Da zane, ka zaɓi sikeli, a ce santimita 1 a madadin niyuton 1, babba yadda zai cika rabin shafi. Ka zana kibiya ta farko, ka ɗora gindin ta biyu a kan tsinin ta farko ba tare da ka karkata ta ba. Jimillar tana tashi daga gindin ta farko zuwa tsinin ta ƙarshe. In ka haɗa su gindi da gindi ka ja layi tsakanin tsinayensu, bambancinsu ka samu, ba jimillarsu ba.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce farfasa kowace bekta gida biyu, kwance da tsaye. Ga niyuton 10 a digiri 30 daga layin x, da niyuton 6 a digiri 120. A kwance: 10 cos 30 = 8.66, 6 cos 120 = −3.00, jimilla 5.66. A tsaye: 10 sin 30 = 5.00, 6 sin 120 = 5.20, jimilla 10.20. Girma √(5.66² + 10.20²) = 11.7, kusurwa kuma digiri 61. Tunda digiri 90 ne tsakanin su biyun, √(100 + 36) ya tabbatar da 11.7.

Wurare uku ake zamewa a nan. Na farko, kalkuleta tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri: ka gwada sin 30, in ta ba ka −0.988 maimakon 0.5, ka mayar da ita digiri. Na biyu, tan⁻¹ ba ta san kusurwar da ta wuce 90 ba. In x = −3 kuma y = −4, za ta ce 53, alhali kibiyar tana digiri 233. Ɗan ƙaramin zane a gefe yana maganin wannan. Na uku shi ne haddar “x na cos ne, y na sin”, wadda nake ganin ɓarnarta ta fi amfaninta. Cos na gefen da yake manne da kusurwar ne, ko ina yake. In an ba da kusurwa daga arewa, yankin gabas sin ne. A gangara mai digiri 30, akwati mai kilogiram 2 yana da nauyin niyuton 19.6, yankin da ke jan sa ƙasa-ƙasa bisa gangarar 19.6 sin 30 = 9.8, wanda ke danna shi a jikinta 19.6 cos 30 = 17.0. In shakka ta zo, ka mayar da kusurwar sifili a ranka. A daɓe shimfiɗaɗɗe babu abin da ke jan akwati gefe, sin 0 kuma sifili ne, don haka sin ne.

Amfanin farfasawar shi ne yankunan biyu ba ruwan wani da wani. Jirgin ruwa yana mita 4 a sakan, kogi mai faɗin mita 120 yana gudu da mita 3 a sakan. In ya sa hancinsa kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar, sakan 30 zai ƙetare, 120 a raba da 4, kamar ruwan a tsaye yake. Cikin sakan 30 ɗin ruwa ya tafi da shi mita 90 ƙasa. Mai kallo daga gaɓa yana ganinsa da mita 5 a sakan, ya ci mita 150 a karkace, da kusurwar digiri 36.9. Kuskuren da aka saba shi ne raba 120 da 5, wato haɗa nisan wata alƙibla da gudun wata. In kuma so yake ya sauka daidai gaban inda ya tashi, sai ya karkata hanci sama da wata kusurwa θ, ta yadda 4 sin θ zai kashe 3. Sin θ = 0.75, θ digiri 48.6 ne, ba 36.9 na ɗazu ba, domin yanzu 4 ce doguwar gefen alwatikar. Abin da ya rage na ƙetarewa √(16 − 9) = 2.65, lokacin kuma ya zama kimanin sakan 45.

Abin da aka harba ma haka yake, kuma ana iya gwada shi a bakin tebur. Ka ajiye kuɗin ƙarfe guda biyu, ɗaya a bakin tebur, ɗaya a kan ƙarshen rular da ya leƙo waje. Ka danne rular a tsakiya da yatsa, ka bugi ƙarshen da ya leƙo da sauri, yadda zai zame daga ƙarƙashin kuɗin da ke kansa, ɗaya ƙarshen kuma ya make na bakin tebur ya yi gaba. Ka saurara, kada ka kalla: ƙara ɗaya za ka ji. Daga tebur mai tsayin mita 0.80, dukansu sakan 0.40 suke yi a iska, daga 0.80 = ½ × 9.8 × t². Wanda aka make, in ya dira mita 0.80 daga ƙafar tebur, ya tashi ne da kimanin mita 2.0 a sakan, wato an auna gudunsa da rula kaɗai ba tare da agogo ba. In ƙara biyu ka ji, ka duba ko rular ta ɗaga ta cilla ɗayan sama, ko kuma bugun ya yi sanyi har na kan rular ya ɗan bi ta kafin ya faɗi.